DCM ko MM: Wace Lambar Jarumta Mai Tarawa Zai Fara Sa wa Kuɗi?

Idan aka cire musu ƙyallen rataya aka ɗora maka su biyu a tafin hannu, da wuya ka ce ga wannan ga waccan. Dukansu azurfa ne, faɗinsu ɗaya, milimita 36, kuma in na yaƙin duniya na farko ne, kan Sarki Joji na Biyar ne a fuskar kowacce, yana sanye da kakin soja. Sai ka juya bayansu bambancin zai fito. Ɗaya an rubuta mata For Distinguished Conduct in the Field, ita ce Distinguished Conduct Medal, wadda masu harkar ke kira DCM. Ɗayar kuma an rubuta mata For Bravery in the Field a cikin zagayen ganye, ita ce Military Medal, wato MM. Ƙyallen DCM ja ne mai duhu da ratsin shuɗi a tsakiya. Na MM shuɗi ne mai duhu da ratsin fari uku da ja biyu. A wajen gwanjo kuwa, ta farko kan ninka ta biyu kuɗi sau biyu ko uku, wani lokaci fiye da haka.

Duk wanda ya shiga sha'awar tara lambobin jarumta na dakarun ƙafa na Birtaniya, a tsakanin waɗannan biyun yake fara tsayawa yana shawara. Kafin a kai gare su, akwai abin da sabon shiga ke yawan cakuɗawa. Yawancin lambobin da ake gani a ƙirjin tsohon soja na halartar yaƙi ne: an ba duk wanda ya je fagen, jarumi da matsoraci, mai dafa abinci da mai riƙe bindiga. Irinsu ne Victory Medal da British War Medal na yaƙin farko, waɗanda aka raba miliyoyi, da Burma Star ta yaƙi na biyu. Lambar jarumta kuwa mutum ɗaya ake ba don wani abu da ya aikata, a wata rana, a wani wuri, sai wani hafsa ya gani ya rubuta, na sama da shi suka amince. Wannan rubutun na hafsa shi ne rabin abin da mai tarawa yake saye, kuma a kansa ne zaɓin zai tsaya.

Waɗanda za a fara cirewa daga lissafi

Victoria Cross, wato VC, ita ce uwa-uba. An kafa ta a Janairun 1856, kuma daga lokacin zuwa yau sau 1,358 kacal aka bayar da ita, 628 daga ciki a yaƙin duniya na farko. Tagulla ce, ƙarfen jikinta bai taka kara ya karya ba, amma kuɗinta ya fi ƙarfin mai albashi. Lord Ashcroft, wanda ya fi kowa tara su a duniya, ya sayi tasa ta farko a 1986 kan fam 29,000, kuma a yau ɗaruruwan dubban fam ake magana. A 2022 an sayar da ta Thomas Kavanagh, ta zamanin boren Indiya na 1857, kan fam 930,000 har da la'ada a gidan gwanjon Noonans da ke Landan. Ko mutum ya saya, fitar da ita daga Birtaniya sai da lasisin gwamnati. Saboda haka duk VC da ka gani a intanet ana neman kuɗin babur a kanta, kwaikwayo ce, kada ma ka ɓata lokacin tambaya.

Ɗaya daga cikin waɗannan 1,358 a ƙasar Hausa aka same ta. Laftanar Wallace Wright ya karɓi VC saboda gwabzawar Kwatarkwashi a 1903, inda rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta yi karo da sojojin Turawa, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Abin da Landan ta rubuta a matsayin jarumtar mutum ɗaya, a Kano sunansa shahadar wani. Mai tara irin waɗannan kaya daga cikinmu ya kamata ya san cewa kowace lamba tana da wanda ke ɗaya gefen bakin bindigar, kuma wani lokacin kakansa ne.

Distinguished Service Order, wato DSO, ta hafsoshi ce, galibi daga manjo zuwa sama, an kafa ta a 1886. Kyakkyawa ce, farar kuros mai sheƙi, amma ba a rubuta suna a jikinta, kuma a farkon yaƙin 1914 an ba wasu hafsoshin da aikinsu na ofis ne a bayan fage. Na bar ta.

Military Cross, wato MC, ce ta fi jan sabon shiga zuwa asara, don haka zan ɗan tsaya a kanta. An ƙirƙiro ta a Disambar 1914 don ƙananan hafsoshi, daga kyaftin zuwa ƙasa, da manyan samanjoji. An bayar da kimanin 37,000 a yaƙin farko, sama da 10,000 a na biyu. Ƙyallenta fari ne da ratsin shunayya, siffarta tana ɗaukar ido fiye da DCM da MM. Matsalarta ɗaya: gwamnati ba ta rubuta sunan mai ita. Daga ƙarshen shekarun 1930 an riƙa zana shekarar bayarwa a ƙasan bayanta, shi ke nan. Wasu iyalai sun kai wa maƙeri ya zana musu suna, amma abin da maƙerin 1919 ya iya, maƙerin bara ma ya iya. MC da ke tsaye ita kaɗai tamkar doki ne ba a san barga ba. Darajarta tana zuwa ne idan tana haɗe da sauran lambobin mutumin masu suna, da takardu, da tarihin hannayen da ta bi. Wanda bai goge ba, ya haƙura da ita tukuna.

Saura biyu ke nan, kuma duka biyun na talakawan soja ne: farabiti, las-kofur, kofur, saje, samanja. Dukansu kuma suna ɗauke da abin da MC ta rasa. A kewayen gefensu an buga lambar aikin sojan, da muƙaminsa, da sunansa, da bataliyarsa.

Yadda kowacce ta samo asali, da abin da hakan ya haifar

DCM ce babba a shekaru da daraja. An kafa ta a Disambar 1854 ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, ta riga VC da sama da shekara guda, kuma ga sojan da ba hafsa ba, babu abin da ke samanta sai VC. Sau da yawa an rubuta a ba mutum VC, sai manya suka rage zuwa DCM, shi ya sa masu tarawa ke kallonta a matsayin wadda ta kusa kaiwa. Tana zuwa da ɗan kuɗin lada ga mai ita, abin da ya sa baitulmalin soja ba ya sakinta da sauƙi.

Da yaƙin 1914 ya zama na ramuka, miliyoyin mutane suna kwance cikin taɓo daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, sai ayyukan bajinta suka yi yawan da DCM ba za ta ɗauka ba sai darajarta ta zube. Wannan ya sa aka kafa MM ranar 25 ga Maris 1916, mataki ɗaya ƙasa da DCM, aka kuma ba kwamandojin da ke fage ikon amincewa da ita ba sai an jira babban kwamanda ba. Abin da ya biyo baya yana cikin alƙaluma: DCM kimanin 25,000 a yaƙin farko, MM sama da 115,000. Duk DCM ɗaya akwai MM huɗu da ɗoriya.

Wannan yawan shi ne dalilin arahar MM. Ta farabiti a wata bataliyar da ba ta yi suna ba, ita kaɗai ba 'yan rakiya, 'yan ɗaruruwan fam ce, kuma kusan kowane gwanjon lambobi a Landan za ka tarar da su da dama. Mutum zai iya zaɓe, ya bari, ya jira wata. DCM ta yaƙin farko takan fara ne daga inda MM mai kyau ta tsaya, kuma tana iya haura fam dubu da sauƙi in bataliyar ko ranar ta shahara.

To, me ƙarin kuɗin ke saya maka? Labari. Ana sanar da kowace lambar jarumta a jaridar gwamnati, London Gazette, wadda yanzu kowa zai iya bincika ta kyauta a intanet. A yaƙin farko, idan DCM ce, jaridar takan buga bayanin abin da sojan ya yi: layi huɗu ko shida, cewa da hafsoshinsa suka faɗi ya karɓi jagorancin sauran, ko ya rarrafa ya kashe bakin wata bindiga mai ruwan harsashi, ko ya yi ta jigilar masu rauni ana luguden wuta. Sau da yawa an cire sunan wuri da kwanan wata saboda tsaro, amma aikin yana nan a rubuce. Idan MM ce, abin da jaridar ta buga suna ne da lamba da runduna cikin dogon jeri, daga baya aka riƙa ƙara garin mutum. Takardun da hafsoshi suka cike don neman a ba shi kuwa, yawancinsu sun ƙone a 1940 lokacin da jiragen Jamus suka jefa bam kan ma'ajiyar takardun soja da ke titin Arnside a Landan. Gobarar nan ce kuma ta cinye wajen kashi biyu cikin uku na fayilolin aikin sojojin yaƙin farko.

Saboda haka MM ta yaƙin farko sau da yawa bebiya ce. Ka san sunan mutumin, ka san ya yi abin a yaba, amma ba ta faɗa maka mene ne ba.

A nan ne hali ke raba masu tarawa gida biyu, kuma ya kamata mutum ya san gidansa kafin ya zura hannu a aljihu. Akwai wanda wannan shirun ne ma ke ba shi daɗi. Yana ɗaukar ranar da aka buga sunan a Gazette, ya koma baya wata biyu ko uku, domin kusan tazarar da ke tsakanin aikin da sanarwar ke nan. Sai ya buɗe littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardun ƙasa da ke unguwar Kew a Landan ƙarƙashin lambar WO 95, ya ga inda bataliyar take a makonnin nan. Wani magatakardan yana da kirki, zai jera sunayen waɗanda aka ba lamba bayan wani hari. Wani ba ya ambatar kowa sai hafsoshi. In nan ta toshe, sai jaridun ƙananan garuruwan Ingila na lokacin, waɗanda suka riƙa buga wasiƙun da samari ke aiko wa iyayensu, har da hoto. Ranar da irin wannan mai bincike ya ci karo da sakin layi guda da ke bayyana abin da sojansa ya yi, lambar da ya saya da araha ta ƙara daraja a hannunsa, kuma guminsa ne ya ƙara mata. Amma fa zai iya yin wata shida yana tono ya fito hannu rabbana, abin da ya samu bai wuce cewa bataliyar tana yankin Somme na Faransa a watan ba.

Wanda kuwa ba shi da wannan haƙurin, ko Turancinsa bai kai na karanta rubutun hannun hafsoshin 1917 da fensir ba, in ya tara MM goma zai wayi gari da azurfa goma masu kama ɗaya a cikin akwati. Gara ya haɗa kuɗin uku ya sayi DCM ɗaya da zai iya karanta wa baƙo labarinta.

Akwai wani abu kuma da ya shafi dukansu. Kafin 1979 ba a ba mamaci DCM ko MM saboda aikin da ya mutu a cikinsa; a lambobin jarumtar fagen fama, VC ce kaɗai ake bayarwa a irin wannan hali, ko a ambaci sunansa a rahoton kwamanda. A ƙa'ida, mai DCM ko MM ya tsira daga ranar da ya yi bajintar, ko da an kashe shi bayan mako biyu. Waɗanda aka kashe daga baya ɗin, kasuwa ta fi tsadanta lambobinsu, musamman in akwai faifan tagullar da aka aika wa iyalin kowane mamaci. Abin ba daɗin faɗa, amma haka cinikin yake.

Yaƙi na biyu ya juya lissafin

Duk abin da na faɗa a sama na yaƙin 1914 zuwa 1918 ne. A na 1939 zuwa 1945 hannun gwamnati ya ƙara tsukewa: MM kimanin 15,000, DCM kuwa ba ta kai 2,000 ba. DCM ta wannan yaƙin ta zama kayan manya, dubban fam ake zubawa, in ta gwabzawar Arnhem a Holan ce ko ta Kohima a Indiya ko ta dakarun kwamando sai abin ya wuce hankali. MM ma ta tashi, ta kai ko ta wuce kuɗin DCM ta yaƙin farko.

Sai dai a wannan karon MM ta buɗe baki. Takardun neman lambar na yaƙi na biyu sun tsira, suna Kew ƙarƙashin WO 373, kuma ana iya saukar da su ta intanet. Takardar takan fi bayanin Gazette na yaƙin farko cika: ga kwanan wata, ga sunan ƙauye ko tudu, ga sa hannun kwamandoji ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci za ka ga an rubuta DCM da farko, wani janar ya soke ya mayar da ita MM. Masu tarawa suna farautar irin wannan takardar da aka soke, domin tana nuna aikin ya fi lambar girma.

Ga inda tarkon yake. Lambobin halarta na yaƙi na biyu, irin su Africa Star da Burma Star da Defence Medal, Birtaniya ta raba su ba suna. Idan aka kawo maka jerin lambobi shida na soja ɗaya, MM ɗin ce kaɗai ke da suna. Sauran biyar kowa zai iya sayo su daban ya jera. Kuɗin MM ɗin za ka biya, sauran kyauta ce in sun zo. A yaƙin farko kuwa kowace lamba a jerin tana da sunan mutumin, don haka cikakken jeri ya fi lamba guda daraja nesa ba kusa ba. Da yawa ba su cika ba saboda a 1979 zuwa 1980, da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi a duniya, an narkar da British War Medal masu ɗimbin yawa don ƙarfensu. Shi ya sa za ka riƙa ganin jeri da giɓi a tsakiya kamar bakin tsoho.

Ga Bahaushe, yaƙi na biyu yana da wani jan hankali da na farko ba shi da shi sosai. Rundunar West African Frontier Force da Lugga ya fara haɗawa a 1897, wadda aka ƙara wa sunanta Royal a 1928, a ƙarƙashin tutar Birtaniya ta yi yaƙi, kuma Hausa ce harshen bariki a yawancinta. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, bataliyoyi uku na Nigeria Regiment kuma suka shiga cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan sahun Japanawa a daji, a 1944. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna daga can aka ɗebo su. Sojojin nan sun samu DCM da MM irin waɗanda aka ba Bature, da sunayensu a buge a gefe. Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya samu MM a yaƙin Habasha. Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, shi ma mai DCM da MM ne. Kafin tsakiyar yaƙi na biyu ma akwai wata DCM ta daban da aka keɓe wa sojojin Afirka, wadda aka rubuta sunan West African Frontier Force a bayanta. Ba ta da yawa, kuma ba kullum take fitowa kasuwa ba.

Wanda ya ɗauki wannan layin zai jira da yawa kafin ɗaya ta fito, zai kuma yi fama da yadda magatakardan Turawa suka rubuta sunaye: sunan yanka a haɗa da sunan gari ko ƙabila, Musa Kano goma a bataliya ɗaya, lambar aiki ce kaɗai ke raba su. Amma yana da abin da mai tarawa a Ingila ba shi da shi, domin ya san garuruwan, kuma yana jin sunan da aka karkatar ya gane asalinsa. In kuma a gidanku aka samu minda irin wannan cikin adakar kaka, wannan ba ta cikin maganar ciniki. A nemi takardarta a WO 373 a ajiye tare da ita.

Jabu, da wadda ta fi jabu haɗari

Kwaikwayon da aka zuba a ƙera bai cika yaudarar wanda ya taɓa riƙe ta gaske ba. Rubutunsa ba kaifi, nauyinsa ba daidai ba, wani ma an buga masa alamar cewa kwafi ne. Abin tsoro shi ne lamba ta gaske da aka goge sunan mai ita aka buga na wani. A ɗauki MM ta wani soja da ba a san labarinsa ba, a kankare gefen, a sa sunan wanda ya yi suna ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin Somme da sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a yini ɗaya. Nan take kuɗinta ya ninka. Da yake tazarar kuɗi ta fi yawa a DCM, ita ma'aikatan wannan ɓarna suka fi so, kodayake MM ba ta tsira ba.

Abin dubawa kaɗan ne, amma ba a tsallake ko ɗaya. Gefen da aka kankare yakan sirance, don haka a auna faɗin lambar daga sama zuwa ƙasa da kuma daga gefe zuwa gefe. In sun saɓa, an taɓa ta. Sunayen DCM da MM na yaƙin farko da inji aka buga su, manyan baƙaƙe masu zurfi ɗaya. In ka ga alamar zanen hannu, ka tambayi dalili. A gwada lamba da muƙami da runduna da abin da ke Gazette da kuma katin lambobin sojan. Akwai gyaran da hukuma da kanta ta yi idan an kuskure harafi, akwai kuma lambar da aka sake ba soja bayan tasa ta ɓata. Duka biyun halal ne amma suna rage kuɗi, kuma dillalin kirki zai faɗa maka kafin ka tambaya. Hoton fuska da baya kawai ba tare da hoton gefe ba, cinikin biri a sama ne.

Don haka wurin saye yana da nauyi daidai da abin da za a saya. Manyan gidajen gwanjo na Landan irin su Noonans, wanda a da ake kira Dix Noonan Webb, da Spink, da Morton & Eden, suna rubuta bayanin kowace lamba da aibinta, kuma tsofaffin sakamakon gwanjon Noonans suna nan a shafinsu kyauta. Zama da wannan rumbun na 'yan makonni, ana duba abin da aka biya wa DCM da MM na runduna ɗaya cikin shekaru, ya fi kowace shawara da wani zai ba ka, har da tawa. Sai a tuna cewa farashin da aka buga guduma a kansa ba shi ne abin biya ba: la'adar gidan gwanjo takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kai, ga kuɗin aikowa da inshora, ga wanda yake biya da naira ko sefa kuma ga canjin fam da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙungiyar Orders and Medals Research Society, wadda ke nan tun 1942, ita ce majalisar masu wannan harka, kuma tambayar tsohon hannu a cikinta ta fi arha a kan kuskure ɗaya.

Wanda ke tunanin riba ya sani cewa la'ada tana cin mutum sau biyu, ranar saye da ranar sayarwa. MM ta gama-gari ta yaƙin farko tana da yawan da farashinta ba ya gudu. DCM mai kyakkyawan bayani ta fi riƙe darajarta, kuma ta fi saurin samun mai saye. Duka biyun an daina bayar da su a 1993, lokacin da gwamnatin John Major ta soke bambancin hafsa da ƙaramin soja a lambobin jarumta, aka buɗe MC ga kowa, aka kawo Conspicuous Gallantry Cross a gurbin DCM. Ba za a ƙara ko ɗaya ba, amma wannan kaɗai bai isa ya mayar da su hannun jari ba.

In ni ne da kuɗin lamba ɗaya a hannu, DCM ta yaƙin farko zan saya, ta bataliyar dakarun ƙafa da ba ta yi tashe ba, mai bayanin da ke nuna aiki guda a fili. Akwai waɗanda aka bayar a jerin girmamawa na sabuwar shekara ko na ranar haihuwar sarki saboda kyakkyawan aiki na tsawon watanni, bayaninsu yabo ne na gaba ɗaya, waɗannan zan tsallake. DCM ɗin da zan saya tana ba ni suna a gefe, da labari a Gazette, da matsayi na biyu bayan VC, a kuɗin da bai kai na takwararta ta yaƙi na biyu ko kusa ba. In kuɗin bai kai ba kuma ina da haƙurin tono, sai MM ta yaƙin farko, amma da sharaɗin in tsaya kan runduna ɗaya, misali Lancashire Fusiliers ko Manchester Regiment, domin littafin bataliyar da na sha wahalar karantawa saboda lamba ta farko ya yi mini aiki a ta biyu da ta uku. In kuwa abin da ke raina shi ne Bama da sojojinmu, to MM ta yaƙi na biyu ce, in tara kuɗin in jira, in karanta takardar WO 373 kafin ranar gwanjo.

Kowacce ta zo hannu, kada a goge ta da man goge ƙarfe. Duhun da azurfa ke yi da shekaru masu saye suna sonsa, gugar da sojoji suka riƙa yi don fareti ce ma ta shafe fuskar sarki a kan da yawa daga cikinsu. A bar mata tsohon ƙyallenta ko ya koɗe, in an sa sabo a adana tsohon. A raba ta da ledar roba mai laushi, domin tana sa ƙarfe tsatsa mai kore, a kuma nisanta ta da laimar damina. Kwafin shafin Gazette da rasiɗin gwanjo su zauna a ambulan ɗaya da ita.